Daga Sakkwato zuwa Maiduguri: jirgi ta Abuja ko mota ta Kano?

Ƙanwata ta haihu a Maiduguri cikin sanyi, Inna kuma ta ce ko ana ha-maza ha-mata sai ta je suna. Mu muna Sakkwato. Kwana biyu daga cikin bakwai sun riga sun tafi wajen shawara da haɗa kayan barka. Ɗan yayata ya ɗauko waya ya latsa ya latsa, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ai ba nisa, awa ɗaya da rabi ne a jirgi." Inna ta ce to alhamdu lillahi, sai mu yi azahar a can.

Yaron bai yi ƙarya ba. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III da ke kudu da birnin Sakkwato zuwa filin jirgin Maiduguri, in aka ja zare miƙaƙƙe a taswira, wajen kilomita 860 ne. Wani shafin zai ce maka mil 535, wani ya ce 465, ka ɗauka saɓani ne, alhali abu ɗaya ake faɗa: na farko mil ɗin ƙasa ne, na biyu mil ɗin matuƙa jirgi da ke daidai da kilomita 1.852. Jirgi mai injin jet yana cin kamar kilomita 800 a awa idan ya daidaita a sama. Ka ƙara masa rabin awa na juyawa a kan titin filin, da hawa, da saukowa, sai ka samu awa ɗaya da rabi ɗin nan. In mai farfela ne irin ATR 72, da ke yin wajen kilomita 500 a awa, ka ce awa biyu da 'yan mintoci.

Sai dai wannan lissafin dokin Rano ne, domin jirgin da aka yi wa lissafin ba ya nan. Babu jirgin fasinja da ya saba tashi daga Sakkwato ya sauka Maiduguri kai tsaye. Wanda zai ci moriyar awa ɗaya da rabin nan sai mai shatar jirgi, gwamna ko attajirin da ba ya tambayar farashi. Ni da kai, zaɓinmu biyu ne: ko mu gangara Abuja mu sake hawa, ko mu shiga mota mu ratsa Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe kafin mu taka ƙasar Borno. Na yi duka biyun fiye da sau ɗaya, shi ya sa nake son in jera su yadda mai shirin tafiya zai auna.

Mu fara da sama. Sakkwato zuwa Abuja kusan kilomita 490 ne, jirgi yana yin ta a awa ɗaya, wani lokaci ma da sauran mintoci. Abuja zuwa Maiduguri kilomita 710 ne ko kusa da haka, awa ɗaya da minti 20. Ka haɗa, kilomita 1,200, an yi maka ƙarin kilomita 340 a kan miƙaƙƙiyar hanya. Wannan ƙarin bai dame ni ba ko kaɗan, zama a cikin jirgi duka-duka bai kai awa biyu da rabi ba. Abin da ke cinye yinin mutum yana ƙasa, a kan kujerun ɗakin jira na filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja.

Dalilin kuwa mai sauƙi ne, amma mutane da yawa ba sa lura da shi sai sun ɗanɗana. Ƙananan filaye irin namu ba nan jirage suka saba kwana ba. Jirgin da zai ɗauke ka daga Sakkwato sai ya taso daga Abuja ko Legas tukuna, ya sauke mutanensa, sannan ya kwashe ku. Ke nan tashinku ba na asuba ba ne, sai hantsi ko rana, kuma duk lattin da ya yi a can gaba a kanku yake saukewa. Shi kuma na Maiduguri daga Abuja yake fara tasa tafiyar, ba ruwansa da ku. Idan na safe ne, kafin ku sauka ya daɗe da tafiya. Idan akwai na rana ko na yamma a ranar, to kun dace, amma da sharaɗin na farko ya cika alkawari. Jirage kuwa zuwa garuruwan biyu ba su da yawa a yini, wasu kamfanonin ma ba kullum suke zuwa ba, jadawalinsu kuma yana canzawa kamar hadarin kaka. Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, buɗe jadawalin ranar da kake so, ka duba ƙarfe nawa na Sakkwato zai sauka Abuja, ƙarfe nawa na Maiduguri zai tashi. In tazarar ba ta kai awa uku ba, ka ɗauka babu ita.

Na ce awa uku ne don na san abin da ke cikinta. Galibi tikiti biyu daban za ka yanka, sau da yawa ma a kamfanoni biyu daban. Jakarka ba za ta wuce Maiduguri da kanta ba. Za ka sauka, ka tsaya a bakin bel ɗin kaya har ta fito, ka tura ta zuwa wajen masu tafiya, ka sake bin layin awo, a sake bincike, kuma ana rufe kantar awon tun kafin lokacin tashi. Sannan in jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kamfani na biyu bai san wannan zancen ba. A wurinsu kai fasinja ne da bai zo ba, sai ka biya tara a sauya maka rana, in akwai kujera. Ka'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, ta ce idan jirgin cikin gida ya yi jinkirin awa biyu a ba fasinja abin taɓawa, in ya kai uku yana da ikon neman kuɗinsa. Wannan ta shafi tikitin da aka yi wa jinkirin ne kaɗai, ba ta dawo maka da na gaba da ka rasa.

Idan komai ya tafi daidai, ga yadda ranar take: ka bar gida awa biyu kafin tashi, awa ɗaya a sama, awa uku ko huɗu a Abuja, awa ɗaya da minti 20 a sama, rabin awa ko fiye na karɓar kaya da shiga gari. Awa takwas zuwa tara ke nan daga ƙofa zuwa ƙofa. Idan bai tafi daidai ba, ko jadawalin tun asali bai haɗu ba, kwana ne a Abuja, tafiyar ta zama awa 24 ko fiye. Filin jirgin yana da nisan kilomita kusan 40 daga tsakiyar birni, kuɗin tasi zuwa da dawowa kaɗai abin dubawa ne. Wanda ba shi da ɗan'uwa a gari gara ya nemi masauki a Lugbe ko wani wuri a kan titin filin jirgin, ya rage wa kansa cunkoson safe.

Mu namu bai tafi daidai ba. Ranar da muka je filin jirgi da Inna, gari ya waye fari fat, rana kamar faifan azurfa, kana iya kallonta ido da ido. Muka zauna. Aka ce jirgin bai taso ba, ana jiran hazo ya ɗaga. Inna tana ta jan carbi, jefi-jefi ta taɓa ni ta ce, "Kai, je ka tambayo yaran nan." In je, yarinyar da ke kantar awo ta ce, "Baba, a ƙara haƙuri." Bayan la'asar aka ce an soke. Muka kwaso akwati da ƙunshin kilishi muka koma gida, maƙwabtan da suka yi mana Allah ya kiyaye da safe suka fito suna yi mana sannu da zuwa. Tikitin Maiduguri na yammacin ranar kuwa ya bi ruwa.

Hazon nan shi ne babban abin da zai raba maka gardama tsakanin Disamba da Fabrairu. Ƙurar tana tasowa ne daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, iskar hunturu ta kwaso ta ta yo kudu maso yamma da ita. Maiduguri ce kusan ƙofar shigowarta Najeriya, Sakkwato kuma a bakin hamada take. Kowane fili yana da iyakar nisan ganin da matuƙi ba zai sauka ƙasa da shi ba, kuma babu gwanintar da za ta sa ya ƙetare wannan iyaka. Kai da za ka yi hawa biyu, filaye uku ne dole su buɗe maka a rana ɗaya. Da damina abin ya fi sauƙi: hadari yakan haɗu da yamma, ya tsayar da jirgi awa ɗaya ko biyu ya wuce, ba ya yin kwanaki kamar hazo. Mafi kwanciyar hankali a ganina shi ne daga ƙarshen damina zuwa farkon Nuwamba, sai kuma bazara, in ka iya jure zafin da zai tarbe ka a bakin matattakala a duk garuruwan biyu.

Akwai wata 'yar dabara ga mutanen Sakkwato: filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi yana da nisan kilomita kusan 150, tafiyar awa biyu a mota. Wata rana jadawalin can ya fi dacewa da na Maiduguri, ko a samu kujera can bayan ta ƙare a nan. Amma ba maganin hazo ba ne, ƙurar da ta rufe Sakkwato da wuya ta ƙyale Kebbi.

Abin da ke ba ni haushi in na tuna shi ne, hanyar sama ta gabas da yamma ta girmi wannan ta Abuja nesa ba kusa ba. Jiragen farko da suka sauka Kano a 1925, na sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Masar, ta gabas suka shigo. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta Kano da Maiduguri suke bi su wuce Sudan har Alƙahira. Yau ga jami'ar Usmanu Danfodiyo ga jami'ar Maiduguri, duka an kafa su a 1975, malamansu na kai wa juna ziyarar duba jarrabawa, ga 'yan kasuwa, ga auratayya, amma kowa sai ya je Abuja ya gaishe ta. Kamfanoni dai lissafi suke yi: jirgi mai kujera 50 irin Embraer 145 ma sai an cika shi kullum kafin hanya ta biya kuɗin mai, masu zuwa Abuja kuma sun ninka masu ratsa arewa.

To, mota. Hanyar da aka saba bi ita ce Sakkwato, Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtua, Malumfashi, Gwarzo, Kano, kilomita 500 da ɗoriya. Daga Kano a fita ta Wudil, a bi Azare, Potiskum, Damaturu, Maiduguri, kusan kilomita 600. Jimilla ta haura 1,100, wato kusan daidai da abin da jirgi ke yi in ya zaga ta Abuja. Ni dai kowane ɓangare yakan ci mini awa takwas zuwa tara a motar haya, da tsayawar salla da cin abinci da shingayen jami'an tsaro. Awa 16 zuwa 18 ke nan a zaune, kuma duk direban da ya ce zai yi maka su a zama ɗaya, ka sauka daga motarsa. Kwana ɗaya a Kano ba zaɓi ba ne, wajibi ne, kuma dalilin ba gajiya kaɗai ba ce.

Hanyar tana da wurare biyu da ba a yi musu wasa da lokaci. Na farko tsakanin Talata Mafara da Funtua, musamman yankin Tsafe, inda 'yan bindiga suka sha tare hanya suna kwashe matafiya. Direbobi sun san sa'o'in da suke ratsawa, ba sa son sammakon da ya wuce kima, ba sa kuma yarda yamma ta same su a can. Na biyu shi ne kilomita 130 da 'yan kai na ƙarshe, daga Damaturu ta Benisheikh da Mainok da Jakana da Auno. Sojoji sun daɗe suna rufe mashigar Maiduguri da yamma, wanda ya makara sai ya kwana a waje. A Auno ne a watan Fabrairun 2020 aka kashe matafiya aƙalla 30 da dare, mutanen da suka iso bayan an rufe ƙofa suka kwana a cikin motocinsu. Allah ya ji ƙansu. Tun daga nan duk mai hankali yake barin Kano da asuba, ya tabbata ya wuce Damaturu rana tana tsaka. Ka kuma tuna da wani abu da ba kowa ke kawo shi a rai ba: agogon Sakkwato da na Maiduguri ɗaya ne, amma rana tana riga faɗuwa a Maiduguri da kusan rabin awa, domin tazarar digiri takwas da ke tsakaninsu. Basakkwacen da ya saba ganin sauran rana ƙarfe shida, a can zai tarar an kira magariba. Mai azumi da ya nufi gabas ya ci riba, mai tuƙi kuwa an rage masa hasken rana.

Halin tsaro yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka labarin bara ba ya amfani. Je tasha kwana ɗaya kafin tafiya, ka sami direban da ya dawo jiya, ka tambaye shi. Sun fi kowace jarida sanin inda aka tare shekaranjiya.

Duk da haka mota tana da abin da jirgi ba zai ba ka ba. Na farko kaya. Jirgi zai ba ka kilo 20 ko 23, abin da ya hau kai ka biya kilo-kilo, ƙananan jiragen nan kuma ko jakar hannu in ta cika girma karɓe ta ake yi a bakin ƙofa. Mai kai gara, ko mai buhun albasa da fatu, ko mai dawowa da bandar kifi da turaren wuta daga Kasuwar Monday ta Maiduguri, maganar jirgi ba tasa ba ce. Na biyu yawan mutane. Kuɗin jirgi kowa da nasa, tikiti biyu zuwa biyu dawowa, mutum biyar tikiti 20 ke nan. Mota kuwa in ta gida ce ko shata, man da za ta sha ɗaya ne ko mutum ɗaya ne ko biyar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsalle, amma har yanzu kujera ɗaya a motar haya daga Sakkwato har Maiduguri, da kwanan Kano a ciki, ba ta kama ƙafar tikiti biyu na jirgi ba. Ba zan rubuta farashi a nan ba, domin kafin ka karanta ya canza. Ka dai yi lissafin da gaskiya: a ɓangaren jirgi ka sa tikiti biyu, da tasi a garuruwa uku, da masaukin Abuja ko da kana fatan ba za ka kwana ba, da kuɗin ƙarin kaya. A ɓangaren mota ka sa kuɗin kujera sau biyu, da masaukin Kano, da abinci, da yini biyu na aikinka da za su tafi, da kwana ɗaya na jinyar baya.

Na uku, kuma wannan shi ne abin mamakin, mota ta fi faɗin gaskiya a kan lokaci. In ka bar Sakkwato ran Talata da safe, in Allah ya kiyaye, Laraba da la'asar kana Maiduguri, ko da hazo ko babu. Jirgi a watan Janairu yana iya kai ka a awa tara, yana iya kai ka a kwana uku. Wanda ke da ranar da ba ta ɗaguwa, ɗaurin aure ko jarrabawa ko zaman kotu, in zai bi sama cikin hunturu ya ba kansa rarar kwana biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In ka tambaye ni wanne zan zaɓa, ni kaɗai da 'yar jakata, jirgi zan bi, kuma ba don sauri ba. In an yi kwanan Abuja, bambancinsa da mota bai fi rabin yini ba. Abin da nake saya da kuɗin shi ne tsallake Tsafe da Jakana. Tsoho, da mai ciki, da mara lafiyar da ake kai wa asibitin koyarwa, su ma jirgi, kuma a tsara musu kwanan Abuja tun daga gida a maimakon a sa su gudu tsakanin kanta da kanta. In zai yiwu a yanki tikitin biyu a kamfani ɗaya, ko da ya ɗan fi tsada, domin in sun makarar da kai a hawan farko kana da bakin magana a na biyu. Mai kaya, da iyali masu yawa, da wanda aljihunsa bai kai ba, mota, a raba ta biyu, a yi tafiyar rana zalla, a shiga motar tasha da aka rubuta sunan fasinja, ba ta bakin hanya ba.

Mu dai a waccan tafiyar, washegari hazon ya ɗan yi sauƙi, jirgi ya zo bayan azahar. Muka sauka Abuja babu sauran na Maiduguri, muka kwana a wani ɗan masauki a Lugbe, Inna ta ƙi cin abincinsu ta kwance kilishin mai jego muka taɓa. Da safe muka tashi, awa ɗaya da 'yan mintoci sai ga itatuwan dogon yaro na Maiduguri a ƙarƙashinmu. Mun isa ana gobe suna. Babban akwatin kayan jinjiri kuwa, wanda Inna ta hana a kai awo tun ranar farko don kada a caje mu, ɗan yayata ne ya bi mota da shi ta Kano. Ya riga mu isa da kwana ɗaya, shi ya zo filin jirgi tarbarmu a Keke Napep.